Me ke sa amfilifaya ƙugi idan an jona ta da kwamfuta?

"Assalamu alaikum, Malam. Ina da amfilifaya ta gida da lasifika biyu, ta daɗe a hannuna kuma ba ta taɓa ba ni matsala ba. In na haɗa ta da na'urar CD ko wayar hannu, sauti yana fita tas. Amma da zarar na jona kwamfutata ta tebur da wayar nan mai jak a kai ɗaya, ja da fari a ɗaya kan, sai wani ƙugi ya tashi, ko da ban kunna komai ba. Na sayi sabuwar wayar sauti, bai daina ba. Na gwada da laftof: shiru in yana kan batir, amma ina sa caja sai ƙarar ta dawo. Wani abokina ya ce in karya ƙafa ta uku ta filogin kwamfutar, wai shi ke nan. Shin kwamfutar ce ta lalace ko amfilifayar? Kuma in bi shawarar abokin nawa?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don ita ce mai gaggawa: kada ka karya ƙafar nan. Zan dawo kanta in yi maka bayani, amma tun yanzu ka bar filoginka yadda yake.

Ita kuwa ta farko, bisa abin da ka bayyana, mai yiwuwa babu wadda ta lalace a cikinsu. Ka riga ka yi rabin binciken da kanka. Amfilifaya tana aiki lafiya da CD, laftof yana shiru a kan batir, ƙugi ba ya zuwa sai lokacin da na'urorin biyu suke jone da wutar bango kuma suke jone da juna. Wannan yana nuna cewa matsalar tana cikin haɗuwarsu. Shi ya sa sabuwar wayar da ka saya ba ta yi komai ba.

Inda ƙugin yake fitowa

Wayar da kake amfani da ita, kowane kai ja ko fari, tana da hanya biyu. Akwai siririyar waya a tsakiya wadda ke ɗauke da sauti, akwai kuma saƙar tagulla da ta lulluɓe ta. Saƙar nan aiki biyu take yi: tana kare ta tsakiyar daga hayaniyar lantarki da ke yawo a ɗaki, kuma ita ce ma'aunin da amfilifaya ke dogara da shi. Abin da amfilifaya ke ɗauka a matsayin sauti shi ne bambancin da ke tsakanin wayar tsakiya da saƙar. Ba ta da wata hanyar sanin cewa wannan waƙa ce, wancan datti ne. Duk bambancin da ta gani, ƙara masa ƙarfi za ta yi ta tura wa lasifika.

To, kwamfutar tebur tana da filogi mai ƙafa uku, kuma ƙafa ta ukun tana haɗa ƙarfen akwatinta da wayar ƙasa ta gidan, wato wayar kariya da ke kai lantarki cikin ƙasa. Saƙar wayar sautin ma a jikin ƙarfen nan take. Idan amfilifayar ita ma tana da tata hanyar zuwa ƙasa, to an sami zobe: daga soket zuwa kwamfuta, daga kwamfuta ta wayar sauti zuwa amfilifaya, daga amfilifaya a koma soket. A takarda, wayar ƙasa ko'ina sifili ce. A zahiri ba haka ba ne. Soket biyu a ɗaki ɗaya kan bambanta da kashi kaɗan cikin dubu na volt ɗaya, saboda tsawon waya, da ɗan lantarkin da firji da sauran kaya ke tsiyayarwa cikinta, da maganaɗisun wayoyin wuta da ke kwance kusa da ita a bango. Kamar ruwa ne tsakanin wuri mai tudu da mai gangare: in ka haƙa musu kwata, dole ya bi. Wayar sautinka ita ce kwatar.

Za ka ce ai abin kaɗan ne. Haka ne, amma sautin ma kaɗan ne. Ma'aunin da aka saba da shi a kayan sauti na gida kusan volt 0.3 ne. Idan zoben nan ya haifar da volt 0.003 kawai a jikin saƙar, ya zama kashi ɗaya cikin ɗari na sautin, kuma kunne yana jin wannan sarai a ɗaki mai shiru, musamman tsakanin waƙa da waƙa. Tunda wutar bango tana juyawa sau 50 a sakan a Afirka da Turai da mafi yawan Asiya, sau 60 a Amurka ta Arewa, wannan juyawar ce kake ji a matsayin ƙugi.

Batun laftof ɗin ya ɗan bambanta, ya danganta da cajarsa. In mai ƙafa uku ce, zoben da na faɗa ne. In mai ƙafa biyu ce, wadda ba ta da wayar ƙasa sam, to wani abu ne dabam. A cikin irin waɗannan cajojin akwai wata ƙaramar kafasita, wato ɗan abin da ke tara lantarki, da aka ɗora tsakanin ɓangaren wutar bango da ɓangaren da ke zuwa laftof, don rage hayaniyar da cajar ke watsawa. Ta cikinta wani ɗan lantarki ke tsallakowa, bai kai kashi ɗaya cikin dubu na amfiya ɗaya ba. Shi ne abin da wasu ke ji kamar kaikayi in sun shafa laftof mai jikin ƙarfe yana caji. Lantarkin nan yana neman hanyar zuwa ƙasa, sai ya samu ta wayar sautinka.

Ka saurari ƙarar tukuna

Duk wanda ya kawo mini irin wannan ƙorafi, abin da nake fara tambayarsa shi ne yadda ƙarar take, don ba duka ba ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ƙugi mai kauri, mai laushi, wanda ba ya hawa ba ya sauka, na zoben ƙasa ne ko na maganaɗisun taransifoma. Ziza mai kaifi irin ta "zzz" ita ma daga wutar bango take, amma ta gauraya da dattin caja, ko fitilun LED masu arha, ko makunnin da ke rage hasken fitila, ko inbata wadda ba ta fitar da wuta mai santsi. Tsuwa siririya da ke canzawa in ka motsa linzamin kwamfuta, ko ka buɗe bidiyo, ko ka fara wasa, wannan daga cikin kwamfutar take: katin hoto da kwakwalwar na'urar suna fizgar lantarki, dattinsu yana bin ƙarfen akwatin. "Shuuu" kamar ruwan sama kuwa yawanci alama ce ta an rage sauti sosai a kwamfuta an ƙure shi a amfilifaya. Sai kuma "dit-dit-dit" da ke zuwa ya wuce, wanda wayar hannu ce ke magana da turken sadarwa kusa da kebul.

Akwai kuma ƙugin da ba daga lasifika yake fita ba. Ka kara kunnenka a jikin amfilifayar. In ƙarfen ne ke rawa, taransifomar cikinta ce ke kaɗawa, kuma ba ruwan kwamfuta da wannan.

Gwajin da ba ya cin ko sisi

Kafin ka sayi komai, ka ware lokaci ka yi ta cirewa. Wannan shi ne ainihin aikin, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa. Sharaɗi ɗaya: ka rage murya ƙasa ko ka kashe amfilifaya duk lokacin da za ka cire ko sa waya, don ƙarar "ɓum" da ke fita a lokacin tana iya ƙona ƙaramar lasifika.

Ka fara duba ramin da ka sa wayar a bayan amfilifaya. In an rubuta PHONO a kansa, ka cire nan take. Ramin nan an yi shi ne don na'urar faifan garmaho, wadda sautinta bai wuce kashi kaɗan cikin dubu na volt ɗaya ba, saboda haka yana ninka abin da aka ba shi kusan sau ɗari, kuma yana ƙara wa kaurin sauti ƙarfi fiye da sauran. Ƙugin da ba za a ji ba a wani rami, a nan sai ya cika ɗaki. AUX, CD, TUNER ko TAPE IN su ne naka. A ɓangaren kwamfuta kuma, koren rami na baya shi ne mafitar sauti. Ramin gaban akwati yakan fi datti, saboda siririyar wayarsa tana ratsa cikin akwatin ta wuce kusa da fanka da katin hoto.

Daga nan ka cire duk abin da ke bayan amfilifayar, ka bar lasifika da wutarta kawai. Kunna ta. In tana ƙugi a haka, musamman in ƙugin bai damu da maɓallin murya ba, ko ka rage ko ka ƙara yana nan daram, to ita ce ke da ciwo. A tsofaffin amfilifayoyi yawanci manyan kafasitocin da ke tace wuta ne suka bushe, kuma ƙuginsu ya fi na zobe tashi kaɗan, don yana zuwa ne sau 100 ko 120 a sakan. Wannan aikin mai gyara ne. Amma tunda ka ce CD yana fita tas, ba na zaton nan matsalarka take.

In ta yi shiru, sai ka mayar da kwamfutar ita kaɗai, ita ma ka tuɓe ta: cire firinta, cire kebul ɗin intanet, cire talabijin in da shi, ka bar wuta da allo da wayar sauti. Sannan ka riƙa mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya kana saurare. Wanda ka sa ƙugi ya dawo, ka gano bakin zaren.

A nan zan ɗan tsaya, don akwai abin da nake yawan gani. Amfilifayoyin gida da dama filoginsu ba shi da wayar ƙasa. In ka duba bayanta ka ga alamar murabba'i a cikin murabba'i, to an yi mata rufin kariya biyu, ba ta buƙatar ƙasa. Irin wannan ita kaɗai ba za ta rufe zobe da kwamfuta ba. Dole akwai na uku da ya kawo ƙasa ta bayan fage, kuma sau da yawa shi ne kebul ɗin eriya ko na tauraron ɗan adam. Kebul ɗin yana shiga dikoda, dikoda tana jone da talabijin, talabijin yana jone da amfilifaya. Ƙasarsa kuwa daga can waje take, wani lokaci ma daga wani gini, saboda haka bambancinta da ta soket ɗinka ya fi girma nesa ba kusa ba. Kafin a jona kwamfuta babu zobe, shi ya sa mutum yake ganin laifinta, alhali ita dai ta rufe da'irar ce kawai. Na sha zuwa inda aka canza katin sauti, aka canza wayoyi, aka kusa canza amfilifaya, sai muka kwance kebul ɗin eriya daga bayan dikoda ɗakin ya yi tsit. In naka haka ne, akwai ƙaramin abin da ake ɗaurawa a kan kebul ɗin eriyar ya raba ƙasarsa. Sai dai na tauraron ɗan adam ka yi hattara, don dikoda tana tura wuta ta cikin kebul ɗin zuwa kan kwanon, kuma ba kowane marabi ne ke barin ta ta wuce ba.

Magunguna, daga mai sauƙi

Abu na farko, ka tara kwamfuta da allonta da amfilifaya da duk abin da ke jone da su a kan ekstenshin ɗaya mai kyau, mai wayar ƙasa ta gaske, a soket ɗaya. Zoben bai ɓace ba, amma ya ƙanƙance, kuma bambancin da ke tura lantarki cikinsa ya ragu ƙwarai. Sau da yawa wannan kaɗai ya wadatar. Ka sa wayar sauti ta zama gajeriya iya buƙata, mai saƙa mai kauri, kada ta kwanta jere da wayar wuta ko ta naɗe kan caja. In dole su haɗu, su gitta juna. Sannan ka ɗaga murya a kwamfuta ta kai kusan ƙarshe, ka riƙa sarrafawa daga amfilifaya. Ƙarfin ƙugin ba ya canzawa da muryar kwamfuta, don haka in sautin ya fito da ƙarfi, kai kuma ka rage a amfilifaya, ka rage ƙugin tare.

In bai tafi ba, sai a yanke hanyar tagulla da ke tsakanin na'urorin. Hanya mafi sauƙi ita ce ɗan akwatin raba ƙasa da ake sawa a tsakiyar wayar sauti. A cikinsa akwai ƙananan taransifomomi biyu, ɗaya na hagu ɗaya na dama. Sauti yana tsallakawa ta maganaɗisu, lantarkin zobe kuma ba shi da wurin bi. Ba ya buƙatar wuta, kuma yana aiki nan take. Aibinsa shi ne masu arha suna cinye kaurin sauti, kuma in an matsa musu da ƙarfi sukan dagula shi. Ga mai sauraron labarai da karatu ba komai. Ga mai son kiɗa ya fito da nauyinsa, ya nemi mai kyau.

Abin da ni na fi so, in kwamfutar tana da ramin, shi ne wayar haske. Ita ce ake kira TOSLINK, kamfanin Toshiba ya fito da ita a 1983. Za ka gane ramin da ɗan jan hasken da ke fita daga cikinsa. Zaren roba ne ke ɗauke da sautin, babu ƙarfe ko kaɗan tsakanin kai da kai, saboda haka babu ta inda zobe zai ƙullu. Tsohuwar amfilifaya ba ta da wannan ramin, sai ka haɗa da ɗan akwatin DAC, wanda ke mayar da sautin lambobi ya koma irin wanda ramin ja da fari ke karɓa. Kurakurai biyu ake yi a nan. Na farko, ɗan akwatin yana cin wuta ta USB, sai mutum ya soka shi a jikin kwamfutar, ya dawo da hanyar tagullar da ya yanke da hannunsa. Ka ba shi cajarsa dabam. Na biyu, ka saita kwamfutar ta fitar da sauti a tsarin PCM mai tasha biyu, don ƙananan akwatunan nan ba sa fahimtar Dolby ko DTS, sai su yi shiru ko su fitar da hayaniya. In kwamfutar ba ta da ramin haske amma tana jone da talabijin ta HDMI, talabijin da yawa suna da shi a bayansu, kana iya ɗaukar sautin daga can.

Mutane da yawa suna zaton katin sauti na waje mai USB yana maganin komai. Yana maganin tsuwar cikin akwati a lokuta da dama, kuma sautinsa yakan fi na cikin kwamfuta tsafta. Amma kebul ɗin USB yana ɗauke da wayar ƙasa, don haka zoben yana nan, ya canza hanya ne kawai. Sai an haɗa da marabin USB, kuma da yawa daga cikin masu sauƙin samu ba sa wuce gudun megabit 12 a sakan. Wannan ya ishi sauti na yau da kullum, amma wasu katunan ba za su tashi a kansa ba. Ka duba kafin ka saya.

Bluetooth ma yana yanke zoben tunda iska ce tsakani. Sai dai yana matse sauti, kuma yana ɗan jinkiri wanda za ka lura da shi a bidiyo, baki ya riga murya. Masu ɗakin ɗaukar sauti kuwa suna amfani da waya mai hanya uku, irin ta XLR, inda sauti ke tafiya a wayoyi biyu, saƙar kuma kariya kawai take yi, duk dattin da ya shiga biyun daidai sai a soke shi a ƙarshe. Ita ce hanya mafi inganci, amma sai duka ɓangarorin biyu suna da ita, kuma amfilifayar gida ba kasafai take zuwa da ita ba.

Game da laftof ɗinka, in cajar ba ta asali ba ce, ka aro ta asali ka gwada. Cajoji marasa inganci ana rage musu kayan tace hayaniya, kuma zizarsu ta fi yawa.

Ƙafa ta uku

Abokinka bai yi ƙarya ba, in ka karya ta ƙugin zai iya tafiya, tunda ka yanke zoben. Amma ga abin da ka saya da shirun. Aikin ƙafar nan shi ne, ranar da wata waya mai wuta ta kwance a cikin kwamfuta ta taɓa ƙarfen akwati, lantarkin ya ruga ƙasa da ƙarfi har fis ya ƙone ko burekar gida ta faɗi. In babu ita, akwatin zai tsaya ɗauke da cikakkiyar wutar bango, shiru, babu alama. Hanyar da ta rage wa lantarkin ita ce siririyar saƙar wayar sautinka, wadda ba a yi ta don wannan nauyi ba, tana iya narkewa ko ta kai wutar jikin amfilifaya. In ba ita ba, sai jikin wanda ya fara taɓawa, kuma a gida ba ka san ko yaro ne ba. Haka nan adaftar da ke mayar da ƙafa uku biyu, da naɗe ƙafar da salatif, duk abu ɗaya ne. Ba na yin wannan ko don gwaji a gidan mutane, saboda abin da aka ce na ɗan lokaci ne yakan zauna shekaru.

Daga nan inda nake ba na jin ƙarar, ba na ganin wayarin gidanka, saboda haka abin da na ba ka shi ne mafi rinjayen zato bisa bayaninka: zoben ƙasa, kuma na fi zargin akwai wata na'ura ta uku a cikinsa. Akwai wuraren da dabarun nan ba za su kai ba. In kana jin shokin in ka taɓa ƙarfen kwamfuta ko amfilifaya, ko ka ga tartsatsi lokacin da kan waya ya taɓa rami, ko ƙugin yana ƙaruwa sosai in firji ko famfon ruwa ya tashi, ka dakata da komai ka kira ƙwararren mai wayarin ya auna soket ɗin. Akan samu wayar ƙasa ta tsinke a bango, ko an musanya ta da nutiral, ko ba a taɓa binne sandar ƙasa ba tun farko. Kuma kada ka buɗe amfilifayar da kanka, manyan kafasitocinta suna riƙe wuta ko bayan an cire filogi.

In ka yi gwajin cirewar, ka rubuto mini abu uku: na'urar da ƙugin ya dawo lokacin da ka mayar da ita, ko yana bin maɓallin murya, da kuma ko akwai alamar murabba'i biyu a bayan amfilifayar. Da waɗannan zan iya gaya maka ko ekstenshin ɗaya ya ishe ka, ko sai ka nemi marabi ko wayar haske.